Masu fasahar Sudan na zana Khartum daga masaukansu a ƙasashen waje

Gallabat ƙaramin gari ne a jihar Gadarif, a gabashin Sudan. Gada guda ce ta raba shi da Metema ta ƙasar Habasha. Gari ne na kasuwa, manyan motoci da 'yan canji, kuma ba a san shi da ɗakunan nunin zane ba. Amma tun da yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF ranar 15 ga Afrilu 2023, wannan gada ta zama ɗaya daga cikin manyan ƙofofin ficewa daga ƙasar. Dubban mutanen Khartum sun bi ta nan, wasu sun nufi Masar ta arewa, wasu Chadi da Sudan ta Kudu. Cikin waɗanda suka watse har da masu zane, masu ɗaukar hoto da masu shirya fim, kuma da yawansu sun bar ayyukansu a ɗakunan da ba su sake gani ba.

A irin wannan hali ne wani tsari da a da ake yi wa kallon gatan 'yan boko ya sami sabon amfani. Faransawa na kiransa résidence d'artistes, a Hausa kuwa ana iya cewa masaukin masu fasaha. Wata cibiya ce ke gayyatar mai zane ta ba shi wurin kwana, ɗakin aiki, kayan aiki da ɗan kuɗin cefane na wasu makonni ko watanni, shi kuma ya zauna ya yi aiki, a ƙarshe a nuna abin da ya samar. Duk wanda ya san zango ya san kamanninsa: fatoma ma haka yake sauke baƙon ɗan kasuwa, ya ba shi ɗaki, ya haɗa shi da mutanen gari. Afirka ta Yamma na da irinsu sanannu. Kehinde Wiley ya buɗe Black Rock a Dakar a 2019, Yinka Shonibare kuma ya buɗe G.A.S. a Legas a 2022.

A waɗancan wurare, baƙo kan zo ne ya kalli garin da ya sauka: kasuwa, tasha, masunta, 'yan talla. Ga 'yan Sudan lamarin ya juye. Suna zaune a Nairobi ko Alƙahira, amma garin da ke cikin kansu Khartum ne. Rahiem Shadad, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa ɗakin nunin Downtown Gallery a Khartum a 2019, ya koma Nairobi bayan ɓarkewar yaƙin, inda ya shiga kafa wani masauki mai suna The Rest domin 'yan uwansa masu fasaha da suka yi gudun hijira. Sunan ma na nufin hutu. Wanda ya yi kwanaki a hanya, ya yi jiran biza a iyaka, abin da yake fara buƙata shi ne inda zai ajiye haƙarƙari kafin a yi maganar fenti.

Misali mafi bayyana na yadda ake wannan aiki shi ne fim ɗin Khartoum, wanda aka fara nunawa a bikin Sundance na Amurka a Janairun 2025. Matasa huɗu 'yan Sudan, Anas Saeed, Rawia Alhag, Ibrahim Snoopy da Timeea Ahmed, tare da Phil Cox ɗan Birtaniya, sun fara ɗaukarsa a 2022 da wayoyin hannu. Ba manyan mutane suka bi ba. Mai sayar da shayi ce a bakin titi, da ma'aikacin gwamnati mai kiwon tantabaru, da wani matashi ɗan kwamitin unguwa, da yara biyu masu tsintar robobi. Yaƙi ya katse aikin, kowa ya yi ta kansa. Daga baya aka sake haɗuwa a Kenya, aka tsayar da mutanen a gaban koren kyalle, kowa ya kwaikwayi abin da ya faru da shi, sannan aka ɗora hotunan garin a bayansu. Titin da ba za a iya komawa a ɗauka ba, sai aka ciro shi daga bakin waɗanda suka rayu a kansa. Mai shayin nan da kujerunta da tukunyarta sun fi duk wani jawabin ɗan siyasa faɗin yadda Khartum take kafin Afrilun 2023.

Zane daga tuni ba sabon abu ba ne a Sudan. Ibrahim El-Salahi, haifaffen Omdurman a 1930, wanda gidan tarihin Tate Modern na Landan ya yi wa babban nuni a 2013, ya daɗe yana zaune a Oxford ta Ingila, amma ya shafe shekaru yana zana bishiyar haraz ta bakin Nilu. Bahaushe ya san ta sarai: gawo ce, mai zubar da ganye da damina ta yi kore da rani. Salah Elmur, wanda aka haifa a Khartum a 1966, yana ɗauko fuskokin zanensa daga tsofaffin hotunan shagon ɗaukar hoto na mahaifinsa. Bambancin yau shi ne, a da mai zane na tuna garin da ke nan yana jiransa. Yanzu an wawushe Gidan Tarihin Ƙasa na Khartum, an ƙone gine-gine, unguwanni sun zama kufai, don haka zanen da aka yi a masauki na iya zama shaidar da ta rage.

Nan ne batun ya shafi Hausawan Sudan kai tsaye. Sun daɗe a ƙasar. Tun ƙarni na 19 Takarir, wato mutanen yamma da suka tsaya a hanyar Makka, su ne ke riƙe da Gallabat da kasuwarta, kafin babban yaƙin Maris 1889 da aka kashe Sarkin Habasha Yohannes na huɗu. Bayan yaƙin Burmi na 1903, jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru sun yi hijira gabas, ɗansa Mai Wurno ya kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. Akwai unguwannin Hausawa a Gadarif, Kassala da Damazin, kuma agashe, naman da ake gasawa da ƙuli kamar tsire, ya zama abincin titi na kowa da kowa a Sudan. Duk da haka, a Yulin 2022 rikici kan ƙasa da sarauta a jihar Shuɗin Nilu ya ci rayukan fiye da mutum 100, Hausawa suka fito zanga-zanga a Kassala, Gadarif da Khartum. Zargin da ake jifansu da shi kullum ɗaya ne: wai baƙi ne.

Al'ummar da ake musun asalinta na buƙatar a gan ta cikin hoton gari, ba a labarin rikici kaɗai ba. Sai dai ƙofar masaukan nan ƙunci gare ta. Galibi suna manyan birane, ana neman shiga ta intanet, sau da yawa da Turanci, kuma sai da fasfo, biza da tarin hotunan ayyukan da mutum ya taɓa yi. Wanda ya yi kwalejin zane a Khartum ya san hanyar. Yaron da ke rubuta allon shaguna a kasuwar Gadarif, ko mai zana furanni a jikin manyan motocin da ke ɗaukar riɗi da dawa, da wuya ma ya ji labarin. Idan aka bar lamarin haka, Sudan ɗin da za ta fito daga masaukan Nairobi da Alƙahira za ta kasance ta tsakiyar Khartum da Omdurman, gabas da mutanenta kuwa su zama hanyar da aka bi aka wuce.

Gyaran bai kai tsadar gina gidan tarihi ba. Masu fim ɗin Khartoum da waya suka fara. Ɗaki guda a Gadarif, wata biyu, takarda da fenti, da sanarwar da aka rubuta da Larabci da Hausa, sun isa a sami zanen mai agashe a bakin tasha, matan da ke dakan gyaɗa, da layin motocin da ke jiran a buɗe gadar Gallabat da safe.