Ba 'Yan Kallo Ne Suka Fara Gudu Ba

Akwai wata magana da ta zauna daram a bakin manyanmu a Damagaram, kuma duk wanda ke zaman fada ko sauraron shirin wasanni a rediyo ya sha jin ta. Wai mu ne muka kashe ƙwallonmu da hannunmu. Wai yaran yanzu sun sayar da zukatansu ga Barcelona da Real Madrid da Chelsea, sun bar filin garinsu fayau, don haka idan ƙungiyar gida ta durƙushe, ko gwanayen 'yan wasanta suka tattara suka koma Yamai, ko Mena, ƙungiyar ƙasa, ta je tana karɓar baƙi a ƙasar wasu, kada kowa ya yi kuka, alhakin 'yan kallo ne. Masu faɗin haka ba maƙiyan ƙwallo ba ne. Da yawansu tsofaffin 'yan wasa ne da malaman makaranta da suka sha ƙurar fili tun ba a haifi wasunmu ba, kuma takaici ne ke sa su magana. Ina ganin girmansu, amma a nan an bar jaki ana dukan taiki.

Abin da suke gani da ido gaskiya ne. Ranar Asabar da yamma ka bi ta Zango ko Sabon Gari, za ka tarar da allo jingine a ƙofar gidan kallo, an rubuta wasannin ranar da alli, kowanne da lokacinsa. A ciki bencina ne a jere cikin rumfar kwano, zafi kamar me, tele biyu ko uku na nuna wasa daban-daban, inji na ruri a bayan katanga saboda ɗaukewar wuta. Mai karɓar kuɗi yana bakin ƙofa da gwangwaninsa. Ɗan kabu-kabu zai ajiye babur a lokacin da ya fi samun fasinja, ya biya dala ashirin, ya zauna minti 90 yana zufa yana musu. Yaron da bai san sunan mai tsaron ragar Espoir ta garinmu ba zai lissafa maka 'yan benci na Arsenal. Duk wannan haka yake. Inda muka rabu da dattawan shi ne a kan wanne ya jawo wanne.

Mai gidan kallon nan yana yi wa abokan cinikinsa abubuwan da gasarmu ta cikin gida ta daɗe tana kasa yi. Ya faɗa maka ranar wasa da sa'arsa tun kwana bakwai kafin lokaci, kuma idan lokacin ya yi za a buga. Ka san matsayin kowace ƙungiya a tebur, ka san abin da wasan yau zai canza. Ba za ka zo ka tarar an ɗage saboda baƙi ba su sami kuɗin mota ba. Mutumin da ke ware kuɗi daga cinikin yininsa duk mako don ya kalli ƙwallo ba a ce da shi ya bar son ƙwallo. Ya tafi inda aka kira shi ne, aka kuma cika masa alkawari.

Sai a dubi yadda aka dasa gasar kanta. Ƙungiyoyin da suka fi cin kofi a Nijar cikin shekarun nan, ban da tsofaffin ƙungiyoyin unguwannin Yamai irin su Sahel da Olympic, na hukumomin gwamnati ne da kamfanoninta: AS FAN ta sojoji, AS GNN ta askarawan tsaron ƙasa, USGN ta jandarma, AS Douanes ta 'yan duwan, AS Police ta 'yan sanda, sai AS SONIDEP da Nigelec. Dukansu a Yamai suke zaune. Ba kuɗin ƙofa ke riƙe da su ba, kasafin hukumar da ta haife su ne. Ko mutum goma ne suka zo kallo, ɗan wasa zai karɓi albashinsa, wani ma yana da begen a ɗauke shi aiki idan ƙafa ta gaji. To yaron Birni ko Garin Malam da Allah ya ba shi ƙafa, aka ce ga albashi a Yamai, a gida kuma sai abin da wani alhaji mai son wasa ya ciro daga aljihu idan kasuwa ta yi kyau, wa zai ga laifinsa in ya hau mota? Kuma idan an kwashe gwanaye kaf, me ɗan kallo zai zo gani?

Ga kuma hanya. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne. A tashi kafin asuba, a bi ta Tasawa da Maraɗi da Ƙonni da Dogon Dutsi da Dosso, a isa da dare ƙafafu a kumbure. Ƙungiyar Yamai tana buga yawancin wasanninta ba tare da ta bar gari ba, domin abokan karawarta maƙwabtanta ne. Ƙungiyar Damagaram kuwa kowace fita sai kuɗin mota da masauki da abincin mutum sama da 20. A 1983 Jangorzo ta Maraɗi ta ɗauki kofin gasar ƙasa, a 1984 Espoir ta Damagaram ta ɗauka. Dattawan da nake wa raddi suna tuna shekarun nan da alfahari, kuma suna da hujja. Sai dai kofin ya koma Yamai ya yi zamansa tun kafin kowa ya san gidan kallo a garin nan, tun kafin tauraron ɗan'adam ya kawo wasan Ingila cikin unguwa. Ba za a ɗora wa abin da ya zo daga baya laifin abin da ya riga shi faruwa ba.

Wanda yake shakka ko mutanen Damagaram suna fita kallon nasu, ya jira lokacin kokowar Takobi. Tun 1975 da aka fara gasar kokowa ta ƙasa a Tawa, ba a taɓa ɗaure ta a gari ɗaya ba. Tana zagaya jihohi takwas, kowace jiha ta kawo 'yan kokowa goma, a yi kwanaki ana gwabzawa, rediyo da tele na ƙasa suna watsawa kai tsaye. Idan ta sauka a filin Langa-Langa na garin nan, mutane tun hantsi suke kama wuri don wasan la'asar. Idan kuma tana wata jiha, shaguna rediyo ne a kunne, kuma ranar da ɗan Damagaram ya yi kaye sai ka ji ihu ya tashi daga unguwa zuwa unguwa tun mai sharhi bai rufe baki ba. Su wa ke wannan ihun? Yaran nan ne dai masu rigar Messi da Ronaldo. Ba a sauya musu zuciya a watan Disamba, lokacin kokowa, ba. Kokowa an san lokacinta, an san ladanta, gwamnati na ɗaukar nauyin tafiya, ɗan wasan da ke cikin fili kuma sunan jiharka yake ɗauke da shi, ba sunan wata ma'aikata ba. Wannan na ƙarshen ba ƙaramin abu ba ne. Da wuya ka ga mutum ya zubar da hawaye saboda ofishin duwan ya sha kashi.

Kano ma shaida ce, kuma ba ta da nisa da mu. Cike take da gidajen kallo, ana kuma zazzafan musun Manchester United da Chelsea a can. Amma ranar da Kano Pillars ke wasa a filin Sani Abacha na Ƙofar Mata, cika yake yi, kuma ƙungiyar ta yi shekara 12, daga 2003 zuwa 2015, ba a doke ta a gida a gasar Najeriya ba. Da kallon Turai ke kashe ƙwallon gida, da Pillars ce farkon mutuwa.

A nan dole in ba dattawa gaskiyarsu ta wani gefen, domin 'yan kallo ba waliyyai ba ne. A Kanon ce a 2022 magoya baya suka farfasa motar Katsina United, aka ci tarar Pillars, aka rage mata maki, aka kore ta zuwa Abuja, kuma a ƙarshen kakar ta faɗi daga babbar gasa. Mu ma muna da masu haura katanga don kada su biya kuɗin ƙofa, da masu jifan alƙalin wasa, da manyan da ke ganin ƙasƙanci ne a ce su sayi tikiti. Wannan duk abin gyara ne, kuma ba wanda zai gyara mana. Amma a lura, laifin da aka kama Kanawa da shi na zafin so ne da ya wuce gona da iri. Ba shi ne laifin da ake tuhumar mu da shi ba, wato halin ko-in-kula.

Batun Mena ya fi kowanne fitowa fili. Nijar ta je gasar cin kofin Afirka karon farko a 2012, kuma yadda ta samu zuwa abin a tsaya a duba ne: ta buga wasa uku a waje ta sha kashi duka, ta buga uku a filin Seyni Kountché ta cinye duka. Masar mai riƙe da kofi ta faɗi da ci 1-0 a Yamai a 2010, ƙwallon Moussa Maâzou, Saliyo ta faɗi, Afirka ta Kudu ta faɗi. Rana da ƙura da ihun jama'a suna cikin abin da ya kai mu. Filin nan da aka buɗe a 1989, ya karɓi wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci a 2005, shi ne daga baya hukumar ƙwallon Afirka, CAF, ta ce bai cika sharuɗɗanta ba, kamar yadda ta ce da filayen ƙasashe da dama. Sai Mena ta zama mai karɓar baƙi a gidan aro: Kwatano, Marakesh, Lome. A watan Maris na 2025 aka kai maƙura, Nijar ce mai masauki a takarda, Maroko ce baƙuwa, amma a Ujda aka buga, cikin Maroko, gaban jama'arta. Wane ɗan kallo ne ya hana a shayar da ciyawa, ko a gyara fitilu da ɗakunan sauya kaya? Sun cika filin lokacin da aka buɗe musu ƙofa. Kula da gini aikin masu riƙe da kasafi ne.

Wannan ɗora laifi ba a kanmu aka fara ba, har ƙasashen da kuɗi ya yi wa yawa ana yi. A birnin Oakland na Amurka an yi wata ƙungiyar besbol, wasan nan da ake dukan ƙwallo da kulki, mai suna Athletics, da ta zauna can tun daga 1968. Filinta ya tsufa har ruwan masai ya taɓa malalowa ɗakunan 'yan wasa. Mai ƙungiyar, John Fisher, ya sayar da gwanayenta, aka ƙara kuɗin tikiti, jama'a suka ja baya, sai aka nuna kujerun da babu kowa aka ce ga dalilin ƙaura zuwa Las Vegas, inda jihar Nevada ta amince ta zuba dalar Amurka miliyan 380 na jama'a a sabon fili. Ranar 13 ga Yunin 2023 magoya baya suka yi wani irin bore na ban mamaki: maimakon su ƙaurace, sai suka yi gayya suka zo, mutum fiye da 27,000, sanye da korayen riguna, suna kira ga mai ƙungiyar ya sayar da ita ya bar musu. Bai sayar ba. A watan Satumban 2024 aka buga wasan ƙarshe a Oakland. Boren bai hana tafiya ba, amma ya hana a rubuta cewa su ne suka gudu.

Mutanen Damagaram ba sa buƙatar a yi musu dogon bayani kan irin wannan. Garin nan ne hedikwatar mulkin Nijar har 1926, lokacin da Faransawa suka ɗauke ta suka kai Yamai, kuma ba a tambayi kowa a Birni ba. Tun daga nan abu da yawa ya bi wannan hanyar ta yamma, ƙwallo ɗaya ce daga ciki. Shi ya sa nake jin nauyi idan na ji ɗan garin da kansa yana cewa laifinmu ne.

An yi Zinder Sabuwa a nan Damagaram a 2018, bikin 18 ga Disamba ya zo, an yi gine-gine da gyare-gyare, an sha kallo. Irin wannan biki yana kawo siminti da fenti, amma ba ya kawo albashin mai ban-ruwa na shekara goma masu zuwa, ba ya kawo kuɗin motar zuwa Dosso. Masu cewa sabon fili kaɗai zai dawo da jama'a su ma ina ganin sun taƙaita, domin Seyni Kountché ma sabo ne a wata rana.

Abin da zan roƙi masu faɗa a ji a hukumar ƙwallon ƙasa FENIFOOT da hukumomin jiha da ofishin magajin gari ba shi da tsada sosai. A fitar da jadawalin kaka tun farko a kuma tsaya a kansa, a riƙa sanarwa a gidajen rediyon gari kamar yadda ake sanar da ɗaurin aure. A kauce wa sa wasan gida daidai lokacin da manyan Turai ke karawa, tunda ba gasa muke da su ba. A ɗauke wa ƙungiyoyin nesa kuɗin hanya kamar yadda ake ɗauke wa 'yan kokowa. Kamfanonin da ke cin arzikin jihar, ga matatar mai ta SORAZ nan a arewa da gari tun 2011, a zauna da su a kan riƙe ƙungiya mai ɗauke da sunan Damagaram, da yarjejeniya a rubuce ta shekaru, ba kyautar rana ɗaya ba. Wasan ƙarshe na kofin ƙasa kuma a riƙa zagayawa da shi jiha-jiha kamar Takobi. A gwada haka kaka uku a jere. Idan an yi, aka buɗe ƙofa ranar Lahadi da la'asar, aka ga bencina babu kowa, to a lokacin dattawa su kira mu fada su yi mana faɗa, za mu sunkuyar da kai mu saurara.