Burs ɗin ƙasar waje: wa ke biyan me?

"Mushe, an ce yaron nan zai iya samun burs ya tafi Maroko. Gaskiya gwamnati ce ke biyan komai?" Duk damina, da zarar sakamakon bak ya fito, sai na sha wannan tambaya daga iyaye, domin malamin lise ne ni a Madawa, kuma ɗalibaina da yawa ƴan ƙauyukan Buza da Keita ne. Amsar da nake ba su ba ta cika yi musu daɗi ba. Gwamnatoci biyu ne ke raba nauyin, amma akwai na uku wanda ba a sa sunansa cikin yarjejeniya, wato uban yaro.

Ga yadda abin ke tafiya. Ƙasa kamar Aljeriya, Maroko, Tunisiya, Masar, Rasha, Sin ko Kyuba takan ware wa Nijar wasu gurabe a jami'o'inta. Hukumar ANAB da ke Yamai, mai kula da burs ɗin ɗalibai, ita ke fitar da sanarwa, ta karɓi takardu, a tace bisa maki da fannin da aka nema. Yawanci ƙasar da ta yi gayyata ita ke yafe kuɗin makaranta, ta ba da ɗan abin kashewa na wata, wani lokaci har da ɗaki a gidan ɗalibai. Gwamnatinmu kuma ta ɗauki tikitin jirgi da ƙarin kuɗi a kai. A Maroko, hukumarsu ta AMCI, wadda aka kafa a 1986, ta daɗe tana ba ɗalibi dirhami 750 a wata, kimanin jika 45 ke nan na sefa. A Rabat ko Kasabalanka wannan ba ya kai yaro ƙarshen wata, balle in bai samu ɗaki ba sai ya kama haya.

Saboda haka ƙarin da ke zuwa daga gida shi ne ran tafiyar, shi ne kuma ya fi jinkiri. Makarar biyan burs na cikin koke-koken da ƙungiyar ɗalibai ta USN ta daɗe tana yi. Maƙwabtanmu na Nijeriya sun ɗanɗana fiye da haka: a 2024 aka rage wa ɗalibansu da ke waje a ƙarƙashin shirin burs na haɗin gwiwa, BEA, kuɗin wata daga dala 500 zuwa 220, a Afrilun 2025 kuma ministan ilimi Tunji Alausa ya sanar da soke shirin. Idan kuɗin gwamnati ya makara, waya ce ke ƙara a ƙauye.

Na zauna da wani dattijo manomin albasa daga gefen kwarin Tarka, ɗansa ya ci bak da maki mai kyau a fannin D. Ya tuɓe hula ya ɗora a gwiwa, ya ce, "Mushe, faɗa mani da buhu, kar ka faɗa mani da biro." Muka lissafa fasfo, awon likita, motar Yamai da kwana can, rigar sanyi, da abin da yaro zai ci kafin kuɗin farko ya shigo. Ya yi shiru, sannan ya ce albasar da ya ajiye a rudu don jiran tsada ita za ta fita. Ya yarda yaron ya tafi, kuma ina ganin ya yi daidai, tun da ya san abin da ya ɗauka. Wanda nake tausayi shi ne wanda aka ce masa kyauta ce.

Amma kafin maganar kuɗi, takarda ce ke kayar da yaranmu. Wanda aka haifa a gida a wani ƙauyen tudun Keita, ba a kai sunansa wurin magajin gari ba, sai an je kotu an yi masa takardar hukunci a madadin ta haihuwa. Ga ta zama ɗan ƙasa, ga ta shaidar rashin laifi, ga kofen makin bak mai hatimi. Sai ka tarar takardar haihuwa ta ce Mahamadou, ta bak ta ce Mahamane, ranar haihuwa kuma 1 ga Janairu kamar ta rabin ajin. Harafi ɗaya ya isa a mayar da dosiye. Wa'adin ajiye takardu gajere ne, tsakanin Madawa da Yamai kuwa kusan kilomita 500. Ɗan ma'aikaci a Yamai ya ji labari da safe ya kai nasa da marece, namu yana gona yana noma gero, wayarsa ba caji. Ba ƙwaƙwalwa aka fi mu ba. Shi ya sa nake matsa wa ƴan ajin ƙarshe su gyara takardunsu tun watan Oktoba, su dinga jin haushina.

Turkiyya tata hanyar daban. Shirinta, wanda ya fara a 2012, ta intanet ake nema kai tsaye, yawanci daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, wato tun ba a zauna bak ba. Suna biyan jirgi, ɗaki da inshorar lafiya, a yi shekara guda ana koyon Turkanci. Sai dai mai neman digirin farko dole ya kasance bai kai shekara 21 ba, kuma yaron ƙauye da aka sa lakwal a makare, ya maimaita aji ɗaya ko biyu, ya riga ya wuce.

Akwai kuma abin da ba malami ba uba ke da iko a kai. Burs ɗin haɗin gwiwa ɗan siyasa ne, yana bin zumuncin gwamnatoci. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 Faransa ta dakatar da ba da biza a Yamai, ɗaliban da suka riga suka samu gurbi suka maƙale, a Janairun 2024 kuma ta rufe ofishin jakadancinta. Yaƙin Yukiren a 2022 da na Sudan a 2023 sun koro ɗaliban Afirka da karatu a tsakiya.

Duk da haka ban taɓa hana yaro nema ba. Abin da ke damuna shi ne fannin. Kowa likitanci yake so, in bai samu ba ya karɓi duk abin da aka miƙo, don dai a ce yana waje. Alhali ƙasar Adar ta san irin ilimin da ke canza ta. Aikin Keita da Italiya ta ɗauki nauyi daga 1984, tare da FAO, matanmu ne suka yi dakon duwatsunsa, amma sai da masu awon gangare da masu sanin ruwa aka tsara shingayen dutse da madatsan da suka tare zaizaya. Itatuwan kare iska da aka soma shukawa a kwarin Majiya a 1975 su ma haka ne. Maroko na da babbar makarantar noma da likitancin dabbobi ta Hassan II a Rabat, amma ban cika ganin ɗan Buza ya sa ta a zaɓinsa na farko ba. In kuwa gurbin da ya fito na wani fanni ne da Jami'ar Djibo Hamani ta Tawa ke koyarwa, nakan ce wa uban ya bar albasarsa a rudu, yaro ya yi digirin farko a gida, ya nemi na biyu a waje.