Motar Lantarki Mai Araha: Kafin A Sayar Da Riɗi A Biya Kafin-alƙalami

Ranar 29 ga Mayun 2023 Shugaba Bola Tinubu ya ce tallafin man fetur ya tafi. Litar da ake saya ƙasa da naira 200 ta yi ta hawa har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024. Tun daga nan duk zancen tafiya ba tare da shan mai ba yake samun kunnuwa. A tashar motar Gumel, a teburin mai shayi a Gagarawa, a rumfar dillalai ranar Alhamis a kasuwar Maigatari, waya ce ke yawo hannu-hannu da hoton wata 'yar mota fes, wai daga Sin, wai caji ɗaya ta je Kano ta dawo, wai kuɗinta bai kai na tsohuwar Golf ba. Wannan ya ce miliyan uku, wancan ya ce haba Alhaji, ko biyu ba ta kai ba. A cikinsu babu wanda ya taɓa ganinta ido da ido.

Turawa ma an sha ja musu rai da irin wannan zance. A watan Maris na 2016 Elon Musk, mai kamfanin Tesla a Amurka, ya nuna motar Model 3, ya ce dala 35,000 ce. Cikin 'yan makonni mutane wajen 400,000 suka ajiye dala 1,000 kowanne don kama layi. Ta wannan farashin ba ta fito ba sai 2019, kuma ba a jima ba aka cire ta daga shafin saye. A Satumban 2020 ya sake alkawarin ta dala 25,000 cikin shekara uku. Shekarun suka cika ba mota.

Masu arahar na gaske suna Sin. Wuling Mini EV ta fito a 2020 a kan yuwan 28,800, dala 4,000 da 'yan kai, amma mafi arahar cikinsu kilomita 120 take yi, ba ta da na'urar sanyaya ciki, kuma 'yar mitsitsiya ce da aka ƙera don lungunan birni. BYD Seagull, wadda ta fito a 2023, ita ce ta fi kama da mota sosai, an kuma sayar da ita yuwan 69,800 a 2024, wato dab da dala 10,000. A lissafa dala a kan naira 1,500, an tashi miliyan 15 ke nan tun motar tana Sin, ba a biya jirgin ruwa ba, ba a shiga hannun kwastan ba, dillali bai ɗora nasa ba. Da aka kai ta Turai da sunan Dolphin Surf, kuɗinta ya haura ninki biyu. Nan gida kuwa, Hyundai Kona mai lantarki da kamfanin Stallion ya harhaɗa a Legas a 2020, naira miliyan 24 aka sa mata, tun dala ba ta kai 500 ba. To ina mai miliyan biyu ya samo tasa?

Sai batun nisa, inda aka fi cin amanar mai saye. Seagull mai batirin kilowat-awa 30, a ma'aunin Sin an rubuta mata kilomita 305. Batiri mai girma ɗaya a 'yar'uwarta ta Turai, ma'aunin can kilomita 220 ya ba shi. Duka biyun kuma gwaji ne a yanayi mai sauƙi. Ba a gwada ta da fasinja biyar da buhun gero a baya ba, ba a bi da ita yashin ƙauyukan Sule Tankarkar ba, ba a kunna mata sanyi a ranar Afrilu da zafi ke wuce digiri 40 ba. Daga Gagarawa zuwa Kano ya haura kilomita 100. Zuwa da dawowa a caji ɗaya, Seagull mai wannan batiri da ƙyar da jiɓin goshi, in ma ta kai.

Zafin kuma yana cin batirin kansa. A 2012 masu Nissan Leaf a jihar Arizona ta Amurka, inda rana ke duka kamar nan, sun yi ta ƙorafin batirinsu ya rage ƙarfi da wuri, domin motar ba ta da ruwan sanyaya shi. Irin waɗannan tsofaffin ne za su fi saurin shigowa a matsayin tokumbo. Batiri shi ne mafi tsada a jikin motar, don haka tokumbon da batirinta ya gaji, gangar jiki kawai aka saya.

A ina za a yi cajin? Wanda ya san yadda ake jera wayoyi a shagon mai caji, kowace da 'yar lambarta manne, ya san halin wutar KEDCO a ƙauyukan yankin. A Oktoban 2024 yawancin Arewa ta yi fiye da mako cikin duhu bayan lalacewar manyan layukan wuta. Cika batirin kilowat-awa 30 a soket na gida yana cin awa 10 zuwa 15 wuta ba ta ɗauke ba. Ƙaramin janareta na kallon ƙwallo sai ya kwana ya wuni yana kuka bai cika shi ba, ga shi fetur ɗin da ake gudu yake sha. Sola ta fi dacewa da wannan ƙasa mai rana, sai dai babban faranti mai wat 550 abin da yake tarawa a wuni bai wuce kilowat-awa 2 zuwa 3 ba. Ana bukatar kamar 12, ban da inbata, kuma motar ta wuni a ajiye lokacin da ya kamata tana kan hanya tana nema.

Duk da haka ribar ba ƙarya ba ce. Ko a farashin wuta na rukunin Band A, mai naira 200 da 'yan kai kowane kilowat-awa, cika wannan batiri bai wuce naira 7,000 ba. Ƙaramar motar fetur za ta sha lita 15 a tafiya mai nisan caji ɗaya. Ba juyen baƙin mai, ba fulogi, ba kabireta. Hukumar kula da ƙera motoci ta NADDC a zamanin Jelani Aliyu ta kafa tashar caji mai sola a Jami'ar Usmanu Danfodiyo ta Sakkwato a 2021. A Maiduguri, Mustapha Gajibo ya yi suna wajen mayar da bas-bas masu fetur zuwa lantarki. Inda abin ya fi tafiya, gajeriyar hanya ce da wurin caji tsayayye. Ga ɗan acaɓa ko mai Keke Napep da ke zirga-zirga tsakanin Gumel da Maigatari, babur ko keke mai batiri ya fi mota kusa da aljihu.

Hatsarin da ya fi kusa shi ne na masu cewa a turo kafin-alƙalami ta WhatsApp ko Facebook, kwantena na hanya, gurbi ya kusa cika. Waɗanda damfarar MMM ta cinye a 2016 da ta CBEX a 2025 sun san wannan gaggawar. Kada manomi ya sayar da riɗinsa ko sansa ya tura wa lambar asusun da bai san mai ita ba. Mai saye ya ga motar, ya tuƙa ta da lodi har batirin ya yi ƙasa, ya duba kilomita nawa ta ci. Ya tambayi girman batirin, da ko litiyom ne ko irin na dalma da ke mutuwa da wuri. Ya karɓi garanti a rubuce da takardun kwastan, ya kuma nemi a nuna masa bakaniken da zai gyara ta a Kano da shagon da ke da kayan gyaranta.