William Zeckendorf, maginin da bashi ya kayar

Wurin da Majalisar Ɗinkin Duniya take zaune a birnin New York, a da mayankar dabbobi ce a bakin kogi. William Zeckendorf na kamfanin Webb & Knapp shi ne ya bi ya tattara filayen. A ƙarshen shekarar 1946 attajiri John D. Rockefeller ƙarami ya biya dalar Amurka miliyan 8 da rabi, ya ba Majalisa su kyauta.

Daga nan Zeckendorf ya yi ta gini, har da dogon benen Place Ville Marie na Montréal, ƙasar Kanada, wanda aka buɗe a 1962. Sai dai da kuɗin rance yake aiki: ya ranto nan, ya biya can, ruwan bashi kuwa yana ta hawa. A 1965 kamfanin ya karye. Shi kuma ya rasu a 1976.