Ƙwarin da Ke Gadin Gona

A shekarar 2017 wani bincike daga ƙasar Jamus ya girgiza masana harkar noma. 'Yan wata ƙungiyar masu nazarin ƙwari ta birnin Krefeld sun shafe shekara 27 suna kafa tarkuna masu kama da tanti a wurare 63 da gwamnati ta keɓe, suna auna nauyin ƙwarin da suka kama. Daga 1989 zuwa 2016, nauyin ƙwari masu tashi ya ragu da fiye da kashi 75 cikin 100. Galibin wuraren nan gonaki ne suka kewaye su, shi ya sa hankali ya koma kan yawan feshi da share duk wata ciyawa da shinge. A 2018 Tarayyar Turai ta hana amfani da wasu magungunan ƙwari uku a fili saboda illarsu ga ƙudan zuma.

Amma ba kowane amfanin gona ne ke bukatar ƙudan zuma ba. Inabi, alal misali, ba ya jiran zuma, furensa da kansa yake barbara. To me zai sa mai gonar inabi ya damu? Dalilin shi ne ƙwaro ke maganin ƙwaro. Maganin da ke kashe tsutsa yana haɗawa da masu cin ta, kuma mai ɓarna ya fi saurin farfaɗowa. Sai manomi ya ƙara feshi, an yi gudun gara an faɗa gidan zago.

A yankin Waipara na ƙasar Niyu Zilan, Farfesa Steve Wratten na Jami'ar Lincoln da manoma sun bi wata hanya. Akwai tsutsar da ke naɗe ganyen inabi tana ɓata 'ya'yansa, akwai kuma wata 'yar mitsitsiyar rina da ke sa ƙwai cikin jikin tsutsar, ɗanta ya ƙyanƙyashe ya cinye ta daga ciki. Amma rinar na bukatar ruwan zaƙin fure, in babu shi kwanaki kaɗan take yi ta mutu. Sai aka riƙa shuka wani tsiro mai farin fure, bakwit, a layi ɗaya cikin kowane goma. Rinar ta sami abinci, ta daɗe, ta yawaita ƙwai, tsutsar ta ragu, feshi ma ya ragu.

A gonakin gero ma ana amfani da rina wajen yaƙar tsutsa. A Jamhuriyar Nijar, cibiyar binciken noma ta INRAN tana kiwon wata ƙaramar rina da ke kashe tsutsar zangarniyar gero. Ana zuba tsabar gero da tsutsotsi da rinar cikin ƙananan buhunan algarara, a rataye su a ƙauyuka. Bayan kwanaki 'ya'yan rinar su fita ta kafofin buhun su bazu cikin gonaki.

Abin da ake nema daga manomi ba mai tsada ba ne: ya bar ciyayi masu fure a bakin gona, ya daina ƙona shinge, ya duba gonarsa kafin ya ɗauki famfon feshi, kada kuma ya yi feshi da rana lokacin da amfani ke fure. Malaman gona su koya wa manoma bambanta ƙwaro mai ɓarna da mai amfani, domin wanda bai san mai gadinsa ba, da hannunsa zai kashe shi.