Idan An Sallamo Tsoho Daga Asibiti, Mu Lura Da Magungunansa

'Yan'uwa manoma, ranar da aka sallamo Baba ko Inna daga asibiti ranar murna ce, amma a ranar ne namu aikin yake somawa. Sau da yawa likita yakan tsai da wani magani, ya rage wani, ya ƙara sabo. Tsoho kuwa in ya dawo gida ya tarar da tsofaffin ƙwayoyinsa a ƙarƙashin matashi, sai ya haɗa su da sababbin. A nan hatsarin yake.

Magani ɗaya yakan zo da suna biyu. Panadol da farasitamol abu ɗaya ne. Wanda ya haɗa tsohon maganin hawan jini da sabo, jininsa yana iya sauka ƙwarai, jiri ya ɗebe shi in ya miƙe, ya faɗi ya karye. Mai ciwon sukari da ya sha glibenclamide bai ci abinci ba, sukarinsa yakan faɗi, sai gumi da rawar jiki da ruɗewa. In yana iya haɗiya, a ba shi ruwan sukari nan da nan, a kai shi asibiti. Ibuprofen da diclofenac da muke saye a kasuwa domin ciwon gwiwa suna ta da hawan jini, suna ɓata ƙoda, suna kuma iya sa ciki ya zub da jini.

To, me za mu yi? Ranar sallama mu tattara dukan magungunan da ke ɗakinsa, har da jiƙo da garin saiwa, mu nuna wa likita ko nas. Mu tambaya: wanne za a ci gaba da sha, wanne za a daina, yaushe za a komo? A rubuta mana amsar. Wanda aka tsayar, kada ya koma ɗakin tsoho.

A gida mutum ɗaya ne zai riƙa ba da magani. In ba mai karatu, a zana rana a takardar na safe, wata a na dare. Kada a daina maganin hawan jini don an ji sauƙi, gama ciwon yana nan ko da ba ya nuna alama.

Mun sani da damina kuɗi yakan yanke, a kuma lokacin ne ake fashin magani. Saboda haka kowace ƙungiya ta keɓe ɗan hatsi da kaka domin maganin tsofaffinta, Zumuntar Mata kuma ta riƙa leƙa su. Girmama iyaye da Ubangiji ya umarce mu ya haɗa da wannan.