Gaskiya ko Jita-jita: Me Tsofaffin Taswirori Ke Faɗa Kan Ƙasar Konni?

Duk inda aka yi gardamar fili ko ta iyaka a Birnin Konni da kewayenta, ba a rasa mai cewa a je a dubo taswirar Nasara. Ga maganganu huɗu da ake yawan ji, da abin da tarihi ya tabbatar a kansu.

"Tun zuwan Turawa Konni take hannun Faransa."

Jita-jita ce. A yarjejeniyar 1898, Ingila da Faransa sun zana rabin da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato, kuma Konni ta faɗo cikinta, wato ɓangaren Ingila. Faransawa suka koka cewa an bar su da hanya marar rijiyoyi tsakanin kogin Kwara da Damagaram. Sai aka sake zama a 1904 da 1906, aka turo layin kudu. Daga nan tawagar haɗin gwiwar ƙasashen biyu, ƙarƙashin Tilho da O'Shee, ta bi ƙasa tana kafa alamomin iyaka. Saboda haka wanda ya riƙe taswira, abin da zai fara dubawa shi ne shekarar da aka zana ta.

"Iyaka da kwalta ne suka kafa garin."

Ba haka ba ne. Konni tsohon birni ne mai ganuwa, sunanta ya fito cikin tarihin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo tun 1804. A watan Mayu na 1899 rundunar Faransa ƙarƙashin Voulet da Chanoine ta auka mata, ta yi kisan gilla. Abin da ke gaskiya shi ne, babbar hanyar Yamai zuwa Maraɗi da kasuwancin kan iyaka su suka ja sababbin unguwanni zuwa bakin hanya. Noman rani ma ya sauya fuskar garin: gonakin da ke shan ruwan madatsun Mozage da Zango, a kan kwarin Majiya, sun kafu ne tun wajen ƙarshen shekarun 1970. Malbaza kuwa masana'antar siminti ce ta tara mata jama'a tun shekarun 1960.

"Illelar da ke taswira ɗaya ce."

Kuskure ne, biyu ne. Akwai Illela ta jihar Sakkwato a Najeriya, wadda ke fuskantar Konni a bakin iyaka, akwai kuma Illela ta jihar Tawa a Nijar, can arewa. Iyakokin mulki ma sun canza: Malbaza tana ƙarƙashin Konni har zuwa 2011, lokacin da ta zama gunduma mai cin gashin kanta, Bazaga kuwa ta ci gaba da zama ƙaramar hukuma cikin gundumar Konni.

"Abin da ba ya cikin taswira, babu shi a lokacin."

Wannan ita ce mafi haɗari, domin da ita ake ƙwace wa talaka gado. Mai zanen mulkin mallaka ya fi damuwa da hanya da rijiya da garin da zai karɓi haraji. Tunga da ruga da burtali da saura sukan kuɓuce masa, sunaye kuma yakan rubuta su yadda kunnensa ya ji. Rashin ganin ƙauye a takarda ba ya nufin daji ne marar mai shi. Hotunan tauraron ɗan'adam, da aka fara tarawa tun 1972, suna nuna yadda gidaje suka ci gonaki, amma ba sa faɗin wanda ya sare dajin tun farko. Wannan sai dattawa da masu unguwanni.

Taswira shaida ce guda cikin shaidu, kuma waiwaye adon tafiya ne. Muna kira ga hukumomin Konni da Bazaga da Malbaza da Illela su nemo kwafin tsofaffin taswirorin yankunansu, su ajiye inda jama'a za su iya dubawa, su kuma rubuta bayanin dattawa tun suna raye, kafin a yanka sabon fili ko ɗaya.